Shin Dogon Karatu Yana Raba Mutum Da Zaman Duniya?

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin 'yan makarantarmu, musamman 'yan ajin ƙarshe idan jarrabawa ta matso, karatu kuma ya fara gundurarsu. Sai ka ji yaro ya ce, "Malam, ai su farfesan ma ba abin da suka iya sai dogon turanci." Wani kuma ya kawo labarin wani dakta a unguwarsu, wanda tayar motarsa ta yi faci, ya tsaya a bakin hanya yana ta gumi har sai da yaron wani bakanike, wanda ko firamare bai gama ba, ya zo ya cece shi. A kwashe da dariya, a watse. Ba yara kaɗai ke wannan magana ba. Na sha jin ta a bakin iyaye ran Lahadi bayan an tashi sujada, ana hira a gindin bishiya, har ma a ɗakin malamai takan fito jifa-jifa.

Da editan wannan mujalla ya nemi in rubuta wani abu a bana, sai na ga gara in ɗauki wannan magana in dube ta da kyau, domin ba wasa ba ce kamar yadda ake ɗaukarta. Yaron da ya gaskata cewa dogon karatu wauta yake koya wa mutum, ya riga ya sami hujjar rufe littafinsa. Wanda kuma ya gaskata cewa karatu zai ɗaga shi sama da fartanya da masu riƙe ta, shi ne zai zama daktan da za a yi wa dariya nan gaba. Dukansu biyu suna cikin azuzuwanmu, wani lokaci ma a benci ɗaya.

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina jifan na sama da ni. Ni ba farfesa ba ne, takardar shaidar malanta ta NCE ce iyakacin abin da nake da shi. Amma shekarar da na gama kwaleji na koma gida, na isa ƙauyenmu da kai cike fal da ilimin aikin gona. Na duba gonar mahaifina, sai na ga abin kunya. Ga gero, ga dawa, ga wake yana yaɗo a tsakaninsu, can gefe ga kuɓewa da yakuwa, duka a gona guda kamar kasuwa. Mu kuwa an koya mana shuka iri ɗaya a fili ɗaya, a jere, da tazarar da aka auna da igiya, a sa takin zamani kaza a rana kaza. Na zaunar da tsohon nan na yi masa lacca ta kusan awa guda. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "To, Malam, na ji. Ga fili can wajen tsamiya, na ba ka. Ka yi irin naka, ni ma in yi irin nawa." Tun daga ranar bai sake kirana da sunana ba sai Malam, kuma na san ba girmamawa ce zalla ba.

Na shuka masara ita kaɗai, layi-layi, gwanin sha'awa. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya duba. Abu na farko da littafina bai gaya mini ba shi ne takin ba zai samu a kan kari ba, wanda ya samu kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna, sai rabin abin da ake bukata na iya saya. Na biyu, daidai lokacin da masarar ta fara goyo sai ruwa ya ɗauke kusan mako uku. Masara ba ta yafe wa mutum fari a wannan lokaci. Gonar Baba ita ma ta sha wuya, amma gero ya riga ya yi nisa, aka yanke shi aka kai gida. Dawa ta lanƙwashe kamar ta mutu, da ruwa ya dawo ta miƙe abinta. Wake ya zo daga baya, ya ba da 'ya'ya, ya bar wa awaki harawa. Abin da na kwasa a filina bai biya kuɗin takin ba. Baba bai ce mini komai ba. Da muka zauna cin tuwo da dare sai ya tura mini kwanon ya ce, "Ci, Malam, na jahilai ne."

Saboda haka idan yara suna dariyar masu ilimi, ba na iya yin fushi sosai, don na san an taɓa yin ta a kaina, kuma na cancanta.

Wannan dariya tsohuwa ce ƙwarai. Wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu an yi wani masani Bagirke mai suna Talis a birnin Militus, wato garin nan da manzo Bulus ya yi bankwana da dattawan Afisa daga baya, wanda kangonsa yake ƙasar Turkiyya a yau. Filato ya ba da labari cewa wata rana Talis yana tafiya ya ɗaga kai yana nazarin taurari, sai ya faɗa rijiya. Wata baiwa da ta gan shi ta yi masa ba'a, wai yana neman sanin abin da ke sama alhali bai ga abin da ke gaban ƙafarsa ba. Wannan labari ya zaga duniya, kuma kowace al'umma tana da irinsa. Amma akwai labari na biyu game da mutumin nan, wanda Aristotal ya rubuta, ba a kuwa cika faɗarsa ba. Mutane sun dami Talis da gorin talauci, suna cewa iliminsa bai tsinana masa komai ba. Sai wata shekara ya lura tun da hunturu cewa zaitun zai yi albarka. Ya ɗauki 'yan kuɗin da yake da su ya ba da kafin alƙalami a kan dukan wuraren matse man zaitun na Militus da na tsibirin Kiyos, a kan araha, don ba mai nemansu a lokacin. Da kaka ta yi, kowa na neman wurin matsa, sai ya ba da hayarsu a kan farashin da ya ga dama. Ya nuna musu cewa da dukiya yake nema da ya tara. Mutum ɗaya ne a labarin biyu, kallon sama ɗaya ne kuma. Na lura ɗalibaina sun fi son na rijiyar.

Shekaru bayan abin da ya faru da masarata, na gano cewa ba ni ne na fara yi wa manomin ƙasar nan irin waccan lacca ba, kuma waɗanda suka fara yin ta sun fi ni ilimi nesa ba kusa ba. A Samaru ta Zariya akwai tashar binciken aikin gona tun 1922, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Shekara da shekaru masanan wurin suna gwaje-gwajensu a filayen tasha, kusan duka a kan shuka iri ɗaya a fili ɗaya, kamar yadda ake yi a Turai. Shawarar da malaman gona ke kai wa ƙauyuka daga nan take fitowa. Manoma kuwa su saurara cikin ladabi, su yi godiya, su koma su ci gaba da haɗa gero da dawa da wake. Aka yi ta cewa taurin kai ne da rashin wayewa.

A 1965 wani masanin tattalin arzikin noma ɗan Ingila, David Norman, ya zo jami'ar. Shi da abokan aikinsa suka yi wani abu mai sauƙin faɗa amma mai wuyar yi. Maimakon su gaya wa manomi abin da zai yi, sai suka je suka ƙidaya abin da yake yi. Suka zaɓi ƙauyuka uku na ƙasar Zariya, wato Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka sa ma'aikata su zauna a can suna bin magidanta fiye da 100 har shekara guda, daga 1966 zuwa 1967. Ana rubuta wa ya je gona, awa nawa ya yi, me ya shuka, dami nawa ya samu, nawa ya sayar. Aiki ne mai gajiyarwa, ba abin burgewa a cikinsa.

Da aka tattara lissafin, sai gaskiya ta koma wajen manomi. Ko da yake kowane iri yakan ba da ƙasa da abin da zai bayar in shi kaɗai ne, idan aka haɗa darajar duk abin da aka kwasa a eka guda, gonar haɗe-haɗe ta fi ta iri ɗaya. Ta kuma fi ta tabbas, domin shekarar da wani iri ya ƙi, wani zai yi. Abu mafi muhimmanci da suka gano shi ne, abin da ya fi ƙaranci a wurin manomi ba fili ba ne, hannun aiki ne a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai, sa'ad da ciyawa ba ta jiran kowa. Mutumin da ya haɗa iri uku a gona ɗaya, noma ɗaya yake yi wa ukun. Haka kuma aka gane dalilin da ya sa manoma ke jinkirta shuka auduga har cikin Yuli, alhali masana sun ce a shuka a Yuni don ta fi yin kyau. Masanan ba su yi ƙarya ba, audugar Yuni ta fi yi. Amma a Yuni mai gida yana kan abincin da iyalinsa za su ci, ba kuwa wanda zai bar hatsi cikin ciyawa ya tafi wajen abin da ba a tuƙa tuwo da shi. Norman ya buga sakamakon a 1974, kuma aikin na Samaru yana cikin tushen wata sabuwar hanyar bincike da ta bazu a duniya, wadda ke fara nazari daga gonar manomi da gidansa gaba ɗaya kafin a ba shi shawara.

Ina roƙon mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Na farko, zargin da ake yi wa masana ya tabbata: mutane masu digiri sun yi shekaru suna ba da shawarar da ba ta dace da mai karɓarta ba, domin ba su tambaye shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu kuwa, wanda masu dariya ke tsallakewa, shi ne wanda ya gano kuskuren shi ma masani ne, da kayan aikin masana ya gano shi, wato ƙidaya da awo da haƙurin rubuta abu kullum. Mahaifina ya san gonarsa ta fi tawa, amma ba zai iya tabbatar wa gwamnati ko jami'a haka ba. Saninsa ya tsaya a ƙauyenmu. Sai da aka sami mai alƙalami da ya yarda ya zauna a kan kunya ya saurara, sa'an nan sanin irin su Baba ya shiga littafi. Abin takaici, littafin bai iso hannuna ba sai bayan na yi hasarar masarata.

To, me ke sa masani ya yi nisa da mutane? A ganina ba yawan karatun ba ne. Babban dalili shi ne yadda ake auna shi. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma don manoma ɗari sun amfana da shi. Yana samu ne bisa yawan maƙalun da ya buga a mujallun masana, da Turanci, waɗanda 'yan'uwansa masana kaɗai ke karantawa. Mutum kuwa inda ake ba shi lada can yake mai da fuskarsa. Ga kuma rashin kuɗin bincike, ga yajin aiki, wanda na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Wanda ba shi da kuɗin man mota ya je ƙauye, dole ya yi bincikensa a kan tebur. Ban faɗi wannan don in wanke kowa ba. Akwai masu girman kai tsantsa, waɗanda ko an kai su ƙauye a kyauta ba za su zauna a tabarma ba.

Amma kada mu malaman sakandare mu yi saurin nuna jami'a da yatsa, domin a hannunmu ake fara raba yaro da hannunsa. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, manufar ita ce kowane yaro ya koyi aikin hannu a ƙaramar sakandare, kamar sassaƙa da ƙira da aikin lantarki. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu. A makarantar da na yi, na ga akwatunan da idona, jibge a wani ɗaki, ba a ko buɗe wasu ba, don ba wutar lantarki, ba kuma malamin da ya san kansu. Muka haddace sunayen sassan injin daga allo, muka zana shi a jarrabawa, muka ci, alhali injin yana bayan bango gara tana cin akwatinsa. Har yau kuma, a makarantu da yawa, idan yaro ya yi laifi sai a ba shi fartanya ko adda a ce ya je ya yi noma ko ya sare ciyawa. Ni ma na yi wannan horo ba sau ɗaya ba. Shekara shida muna koya wa yaro cewa fartanya hukunci ce, sa'an nan mu yi mamaki idan ya sami digiri ya ƙi taɓa ta.

Yanzu bari in juya ga masu dariya, don akwai wani irin masani da suka fi raina wa, wato wanda ke binciken abin da ba a ga amfaninsa a fili ba. Da a ce a farkon shekarun 1970 an kai ɗalibaina ƙasar Japan, sun ga wani mutum mai suna Satoshi Omura yana yawo da 'yan ledoji a aljihu yana ɗibar ƙasa duk inda ya je, ya kai ɗakin gwaji yana renon ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani, na tabbata da sun ce ga wani Talis nan zai faɗa rijiya. A cikin ƙasar da ya ɗebo kusa da wani filin wasan golf aka sami wata ƙwayar halitta da ba a san ta ba. Aka aika da ita kamfanin magunguna na Merck a Amurka, inda William Campbell da abokan aikinsa suka gano tana fitar da wani sinadari mai kashe tsutsotsin jiki. Daga nan aka yi maganin ivermectin, wanda aka fara sayarwa a 1981 don dabbobi. Daga baya aka gwada shi a kan mutane, aka ga yana maganin cutar nan da baƙin ƙudan bakin rafi ke yaɗawa, mai sa ƙaiƙayi mai tsanani, ta ɓata fata, a ƙarshe ta makantar. Dattawanmu da suka fito daga garuruwan bakin kogi sun san lokacin da za ka shiga ƙauye ka ga yara suna jan manya da sanda, har wasu garuruwa suka tashi suka bar ƙasa mai albarka saboda ita. A 1987 kamfanin ya yi alkawarin ba da maganin kyauta muddin ana bukatarsa. Shi ne Mectizan da yawancinmu muka sha. Omura da Campbell sun sami lambar yabo ta Nobel a 2015.

Sai dai ƙwayar magani a kwalba ba ta warkar da kowa. Maganin yana kashe ƙananan tsutsotsin ne, ba ya kashe iyayen, su kuwa sukan rayu a jikin mutum shekara goma zuwa sha biyar. Wato ke nan sai an sha shi kowace shekara, shekaru masu yawa, a ƙauyukan da ba likita ba asibiti, wasu ma ba hanyar mota. Yawan ƙwayoyin da mutum zai sha ya danganta da nauyinsa, ga shi ba sikeli a ƙauye. Aka warware wannan da sanda mai zane-zane, a tsai da mutum a jikinta, tsayinsa ya nuna ko ƙwaya ɗaya zai sha ko har huɗu. Aka kuma gano ta hanyar bincike cewa rabon ya fi tafiya daidai idan mutanen gari da kansu suka zaɓi mai raba musu da ranar rabon, maimakon a jira ma'aikaci daga birni. Da haka aka kai ga daina rabon maganin wannan cuta a jihohin Filato da Nasarawa a 2018, domin an katse yaɗuwarta. A watan Janairun 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Jamhuriyar Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka, bayan shekarun feshin maganin ƙuda a koguna da kuma rabon wannan ƙwaya. Ina so yaron da ke cewa farfesa bai iya komai ba ya gaya mini, bakanike nawa za a tara su samo abin da ke cikin waccan ledar ƙasa? Ina kuma so mai taƙama da digiri ya gaya mini, ina amfanin binciken zai tsaya ba don mutumin ƙauye mai sanda da littafin rajista ba?

Don kada a ce duk misalaina na baƙi ne, ga namu na gida. Marigayi Muhammad Bah Abba malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya kuma fito daga gidan masu ginin tukwane. Kowace tsohuwa a ƙasar nan ta san ruwan randa ya fi sanyi. Kowane ɗan aji uku kuma ya haddace cewa idan ruwa yana bin iska yakan tafi da zafi, shi ya sa gumi ke sanyaya jiki. Tsohuwa tana da randa ba ta da bayanin, ɗan makaranta yana da bayanin bai taɓa haɗa shi da randar uwarsa ba. A shekarun 1990 Bah Abba ya haɗa su. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya zuba kayan miya a ta cikin, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashin yana tsatsowa ta jikin tukunyar waje yana bin iska, yana janye zafin ta ciki. Bisa ga gwajin da aka ruwaito, gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai kuma suka kai mako uku. Ya sa magina suka gina dubbai, ya raba na farko kyauta daga aljihunsa. A shekara ta 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. Ba wutar lantarki, ba injin da za a jira daga waje, sai yumɓu da yashi da ruwa, da mutumin da karatu bai sa ya ji kunyar sana'ar gidansu ba.

Ilimin ne kuma ke gaya mana iyakar abin. Tukunyar tana aiki sosai da rani da lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe. Da damina kuwa, iska ta riga ta ƙoshi da laima, ruwan ba ya tashi da sauri, sanyin sai ya ragu. Wanda ya kwaikwayi tukunyar bai san dalilinta ba, zai gwada ta a watan Agusta ya ce ƙarya ce.

Ga 'yan ajin ƙarshe da za su bar mu a bana, waɗansunku za su shiga jami'a, kuma ina fata a cikinku a sami daktoci da farfesoshi, har da masu binciken abin da mu ba za mu gane amfaninsa ba sai bayan shekara talatin. Ba na roƙon kowa ya rage karatu don a ce yana da tawali'u. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Idan kun dawo hutu kuka ga iyayenku suna wani abu da ya saɓa wa littafinku, kafin ku buɗe baki ku gyara musu, ku tambaye su dalili, ku kuma rubuta amsar. Wani lokaci za ku tarar su ne da gaskiya, kamar yadda aka tarar a Hanwa da Doka. Wani lokaci kuwa ku ne da gaskiya, kamar wajen zuba maganin ƙwari mai guba cikin buhun wake, al'adar da ta sa ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da wakenmu a 2015, mu kuma muna ci. A nan ma sai kun san abin da ya sa suke yi, wato tsoron ƙwari su cinye guminsu, kafin ku iya kawo musu abin da ya fi.

Ni dai na daina ba da noma a matsayin horo, ina kuma roƙon 'yan'uwana malamai mu sake duba wannan al'ada a taronmu na gaba. A zango mai zuwa 'yan aji biyar za su raba gonar makaranta gida biyu, ɗaya dawa ita kaɗai, ɗaya dawa da gero da wake, su rubuta awannin da suka yi a kowanne da abin da aka kwasa. Na gayyaci dattawa biyu daga cikin iyayen yara su zo su nuna mana yadda ake gicci, don ni kaina ban ƙware ba. Tukwane huɗu kuma suna nan bayan ɗakin gwaje-gwaje, mun sayo su a kasuwa ran Juma'a. Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa za mu zuba yashi, mu sa ma'aunin zafi ɗaya a ciki ɗaya a waje, a riƙa dubawa safe da rana da yamma.